Laftop mara nauyi za ta iya ɗaukar MATLAB da manhajojin lissafin injiniya?

Tambaya: Wani ɗalibi da zai fara digiri na biyu a fannin injiniya ya rubuto cewa yana son sayen laftop siririya, wadda nauyinta bai wuce kilo 1.3 ba, saboda kullum tana goye a bayansa. Aikinsa MATLAB ne, manhajar lissafi, da Python, harshen rubuta shirin kwamfuta, kuma mai yiwuwa ya shiga COMSOL ko ANSYS, manhajojin kwaikwayon yadda abubuwa ke aiki a zahiri, idan ya kai ga bincike. Abokansa sun ce asarar kuɗi zai yi, wai sai manyan laftop ɗin nan na buga wasanni ne ke iya irin wannan aiki. Yana son sanin gaskiyar maganar, da kuma ko bambancin gigabait 8 da 16 na RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki, ya kai a damu da shi.

Amsa:

Ɗan'uwa, akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokanka, sai dai sun kamo ta ne ta inda bai dace ba. MATLAB zai buɗe a siririyar laftop, Python zai yi gudu, COMSOL ma zai tashi. Sunan manhaja ba ya kayar da kwamfuta, girman lissafin da aka ɗora wa manhajar shi ke kayar da ita. Mutum biyu na iya zama gaban MATLAB iri ɗaya, wannan yana tace siginar da ba ta wuce megabait 5 ba, wancan yana warware lissafi mai ɗauke da ƙimomi miliyan 10 da ba a sani ba. Na farko tsohuwar kwamfuta ma ta ishe shi. Na biyu kuwa, ko laftop ɗin wasannin da ake kwaɗaita maka ba za ta fitar da shi ba. Saboda haka kafin ka leƙa kowace na'ura, ka fara sanin girman aikinka, kuma wannan abu ne da biro da takarda ke nuna maka.

Kada ka raina ƙaramar na'urar nan. Cray-1 da aka girka a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka a 1976 ita ce gaba da kowace kwamfuta a zamaninta. Nauyinta ya haura tan 5, amma ma'ajiyarta megabait 8 ce kacal, iyakar gudunta kuma lissafi miliyan 160 a daƙiƙa. A ƙarshen shekarun nan na 1970 ne Cleve Moler ya rubuta MATLAB na farko don ɗalibansa a Jami'ar New Mexico. Laftop ɗin da kake son saye ta ninka Cray-1 gudu sau ɗaruruwa, ko mai gigabait 8 ɗin kuwa ta ninka ta ma'ajiya sau 1,000. Ayyukan da za a ba ka a aji, irin su tsarin sarrafa injina, tace sigina, lissafin sauyi na yau da kullum, ƙididdiga da zana jadawali, babu wanda zai sa ta gumi. Maganar tana fara nauyi ne idan an zo bincike.

RAM ne wurin da ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa, shi ya sa zan daɗe a kansa. MATLAB da NumPy (kayan lissafi na Python) da harshen Julia, idan ba ka ba su wani umarni ba, kowace lamba mai ɗigo a bait 8 suke ajiye ta. Matiriks, wato jadawalin lambobi, mai layi 10,000 da ginshiƙi 10,000 yana ɗauke da lambobi miliyan 100, wato megabait 800. Idan gefensa ya zama 20,000 ya koma gigabait 3.2, a 30,000 kuma ya kai 7.2. Sannan ba kwafi ɗaya za ka riƙe ba. Da ka rubuta A\b don warware lissafin, manhajar za ta buɗe wani wuri mai girman A ta yi aikin rarraba shi a can, don kada ta ɓata maka na asali. Ke nan matiriks na 20,000 yana neman wajen gigabait 6.4 a lokaci guda. Ka tara da abin da Windows da burauza da MATLAB ɗin kansa suka riga suka cinye, wanda yakan kai gigabait 4 ko fiye tun ba ka taɓa komai ba. Mai gigabait 8 ta cika ta batse ke nan, mai 16 kuwa ko a jikinta.

Lokacin ma ana iya ƙiyasta shi. Warware cikakken matiriks mai gefe n yana cin lissafi kimanin kashi biyu cikin uku na n sau n sau n. A 10,000, wajen biliyan 670 ke nan. Idan laftop ɗinka tana yin biliyan 100 a daƙiƙa, wanda ba abin mamaki ba ne ga na yanzu, daƙiƙa 7 ta gama. Duk lokacin da ka ninka gefen sau 2, RAM ɗin da ake buƙata ya ninku sau 4, lokaci kuma sau 8. Na 20,000 ɗin zai ɗauki kusan minti ɗaya, matuƙar ya samu wurin zama.

Dalilin da ya sa nake fifita RAM a kan komai shi ne yadda ƙarancinsa ke bayyana. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, idan mai rabin ƙarfi ne, jiran ninki biyu kawai zai jawo maka, ka yi haƙuri ka samu amsarka. RAM ba ya yin wannan sassauci. Muddin aikin ya shiga ciki ba za ka ji komai ba, amma da zarar ya haura ko da kaɗan, sai babbar manhajar kwamfutar ta fara kwashe wani sashe tana zubawa a SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, tana sake ɗebowa. RAM yana amsawa cikin kimanin nanosakan 100, SSD mai kyau kuwa sai gomman maikurosakan, tazarar ninki ɗaruruwa ke nan. Aikin minti 2 sai ya koma na awanni, linzami ya ƙi motsi, ko kuma manhajar ta sanar da kai ma'ajiya ta ƙare ta watsar da komai. A yawancin siraran laftop kuma, RAM ɗin manne yake da dalma a jikin babban allon na'urar. Duk MacBook mai furosesan Apple haka take, haka ma akasarin takwarorinta na Windows. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka rayu har ka rabu da ita. SSD a wasu ana canza shi, ko a jona na waje, amma RAM ɗin da aka manne ba shi da makawa.

To amsar tambayarka ta biyu: ƙwarai kuwa, ya kai a damu. Kamfanin MathWorks, mai MATLAB, da kansa ya sa gigabait 8 a matsayin mafi ƙaranci ga MATLAB na shekarun nan, ya ba da shawarar 16. Apple ma tun Oktoban 2024 ya mayar da 16 ta zama farkon abin da MacBook Air ke zuwa da shi. A ganina 16 ita ce ƙasa, kuma idan ka tabbata za ka shiga COMSOL ko ANSYS da siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi, ka nemi 32. Idan kuɗinka zai iya ɗayan biyu ne kawai, furosesa mafi girma ko ƙarin RAM, ka ɗauki RAM ba tare da wani dogon tunani ba.

Idan aikinka ya karkata ga tarin bayanai ne ba matiriks ba, lissafin ya fi haka tsanani. Wes McKinney, wanda ya ƙirƙiri pandas, kayan sarrafa tarin bayanai na Python, ya rubuta a 2017 cewa a tanadi RAM ninki 5 zuwa 10 na girman bayanan. Fayil ɗin gigabait 2 na iya neman 10 zuwa 20 ke nan. Maganin yau shi ne ka mayar da fayil ɗin tsarin Parquet, ka karanto ginshiƙan da kake buƙata kawai, ko ka miƙa aikin ga DuckDB ko Polars, waɗanda ba sai sun loda komai a lokaci guda ba.

Sai zafi, kuma a nan ne abokanka suka fi kusa da gaskiya. Furosesan siraran laftop an tsara shi ne ya zauna a kusan wat 15, na manyan laftop kuwa wat 45 ko fiye, na kwamfutar tebur ya wuce nan. Amma ƙaramin yana da dabara: idan aiki ya zo, yakan zuƙi wuta ninki biyu ko fiye na wasu daƙiƙoƙi, kafin ya sauko. Ka ɗauki bokiti mai ɗan huji a gindi. Kafin ya cika kana iya kwarara ruwa yadda ka ga dama, amma da ya cika, ba ka da ikon zuba fiye da abin da hujin ke fitarwa. Zafi ne ruwan, fanka da ƙarfen sanyaya su ne hujin, kuma na siririyar laftop ƙarami ne. Idan furosesan ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. MacBook Air tun daga M1 ta 2020 ba ta da fanka ko ɗaya, jikinta ne ke fitar da zafin. Furosesan nata ba ya cin wuta sosai, shi ya sa take jurewa, amma a dogon aiki ita ma takan sassauta.

Abin da wannan ke nufi gare ka ya danganta da tsawon ayyukanka. Yawancin ranar mai lissafi a haka take tafiya: ka gyara layi biyu, ka kunna, ka jira daƙiƙa 5, ka duba zane, ka yi tunani. A irin wannan zama na'urar ba ta kai ga yin zafi, kuma siririya da babba kusan kunnen doki suke yi. Bambancin yana fitowa ne a aikin minti 20 zuwa sama wanda ya kama duk ƙwayoyin furosesa, wato ƙananan sassansa da kowanne ke lissafi da kansa. Ko a nan ɗin, jinkiri ne ba faɗuwa ba, kuma amsar da za ta fito iri ɗaya ce. Kana iya rage shi da ƙananan abubuwa: ka jona caja, domin laftop ɗin Windows da dama suna rage ƙarfi idan suna kan batir, ka zaɓi saitin cikakken ƙarfi, ka ɗora ta a kan abu mai tauri ka ɗan ɗaga bayanta, kada ka bar ta kan katifa ko bargo, ka hana ta barci idan an rufe ta ko an bar ta, don barci yana tsayar da lissafi cak. A Mac umarnin caffeinate yana hana ta barci idan ka bar ta a buɗe.

Game da yawan ƙwayoyin furosesa da ake rubutawa a jikin kwali, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar gudu. Idan kashi 20 cikin 100 na aikinka dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyi 8 za su ba ka ninki 3.3 ne kawai, kuma ko ka tara 1,000 ba za ka wuce ninki 5 ba. Ga shi kuma tun daga zubi na 12 na Intel, ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba, wasu na gudu ne wasu na tattalin wuta, haka ma na Apple. Wani abin da ba a cika faɗa ba: lissafin kwararar ruwa da iska, da matiriks masu yawan sifili, ba ƙarfin furosesa ne ke riƙe su ba, saurin kawo lambobi daga RAM ne. A wannan fagen RAM ɗin da aka manne yana da fa'idarsa. M2 na Apple yana jan gigabait 100 a daƙiƙa, alhali babbar laftop mai sanda ɗaya ta DDR4-3200 ba ta wuce 25.6, sai an saka ta biyu ta kai 51.2. Girman jiki ba shi ke nuna wadda za ta riga gamawa ba.

Akwai abin da ya fi gudu muhimmanci, wanda ya kamata ka bincika a daren yau: shin manhajar tana aiki a kan irin na'urar kuwa? MATLAB da Mathematica da COMSOL suna da na Windows da Mac da Linux, kuma MATLAB ya fara aiki kai tsaye a furosesan Apple daga fitowar R2023b. ANSYS na Windows da Linux ne, ba shi da na Mac. SolidWorks na Windows ne kaɗai. Hanyar Boot Camp da ake bi a da a girka Windows a Mac ba ta nan a masu furosesan Apple. A cikin MATLAB ɗin ma akwai ƙarin kayan aiki da sai a Windows, misali Data Acquisition Toolbox da ake karɓar awo da shi daga na'urorin ɗakin gwaji. Haka nan ka yi hattara da laftop ɗin Windows masu furosesan Snapdragon X da suka fito a 2024. Batirinsu na daɗewa, amma ginin furosesansu daban ne da na Intel da AMD. Manhajar da ba a rubuta dominsu ba sai ta bi ta wani tafinta mai suna Prism, kuma wannan tafintan ba ya fassara direbobin na'urori. Ana iya samun manhaja ta buɗe amma na'urar awon da ka jona, ko makullin lasisi na USB, ya ƙi amsawa. Tunda ka ambaci ANSYS, ni dai zan ce ka tsaya kan Windows mai Intel ko AMD. Idan ka buƙaci kayan Linux irin su OpenFOAM, WSL2 yana ba ka Linux a cikin Windows ɗin.

Yanzu ga katin zane na GPU, wanda shi ne babbar hujjar masu cewa a sayi laftop ɗin wasanni. MATLAB ba ya tura lissafinka ga GPU haka kawai, sai ka umarce shi da gpuArray, kuma katin NVIDIA kaɗai yake karɓa. Ko ka umarce shi, katunan GeForce na shekarun nan an gina su ne don lambobi masu bait 4, waɗanda ke riƙe daidaito na kusan gurbi 7. A lambobi masu bait 8, masu gurbi 15 zuwa 16, waɗanda lissafin injiniya ya dogara da su, gudunsu kashi 1 cikin 64 ne na wancan. Ma'ajiyar katin ma a irin waɗannan laftop sau da yawa gigabait 6 ko 8 ce. Ga GPU na Apple kuma, PyTorch, kayan horar da ƙirƙirarriyar basira, ba ya karɓar lambobi masu bait 8 a kansa sam. Katin yana biyan wahalar ɗaukarsa ne a wuri biyu: horar da ƙirƙirarriyar basira, da juya manyan zanen injina masu dubban sassa. Idan ba ɗayan biyun nan za ka yi kullum ba, za ka yi ta dakon ƙarin nauyi da ƙatuwar caja, batir yana mutuwa da wuri, saboda abin da ba ka amfani da shi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, yadda ka tsara lissafin ya fi kowace na'ura tasiri, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ɗauki matiriks mai gefe miliyan 1 wanda lambobinsa ke kan layuka uku na tsakiya kawai, irin wanda lissafin yaɗuwar zafi a jikin sanda ke haifarwa. Idan ka ajiye shi cikakke da duk sifilinsa, terabait 8 na RAM yake nema, babu laftop ɗin da ke da wannan a duniya. Idan ka ajiye shi da sparse, wato a riƙe lambobin da ba sifili ba kaɗai tare da adireshinsu, bai kai megabait 60 ba, kuma cikin ƙiftawar ido za a warware shi. Haka sauran ɗabi'u suke, kowace da ribarta. Ka rubuta A\b maimakon inv(A)*b, ya fi sauri kuma ya fi daidaito. Ka ware wa jeri wurinsa tun farko da zeros, kada ka bar shi yana girma a cikin zagayen for ana ta kwafe shi. A Python ka miƙa wa NumPy jerin gaba ɗaya, domin a ƙarƙashinsa akwai BLAS da LAPACK da aka shafe shekaru ana gogewa, zagayen Python zalla kuwa yakan fi su jinkiri ninki gommai zuwa ɗaruruwa. Ka san cewa MATLAB da Julia da R ginshiƙi bayan ginshiƙi suke jera lambobi a RAM, NumPy kuwa layi bayan layi, don haka ka bi jerin ta inda yake kwance. Fayil ɗin da ya fi RAM girma, matfile a MATLAB da memmap a NumPy suna ba ka damar yanko abin da kake buƙata kawai. Kuma kafin ka zargi na'ura, ka kunna profile a MATLAB ko cProfile a Python. A mafi yawan shirye-shiryen da ake kawo mini da kukan jinkiri, layi biyu ko uku ne ke cinye kusan duk lokacin.

A COMSOL da ANSYS, raga ce ke cin mutum, wato yadda ake yayyanka siffar zuwa ƙananan idanu don a yi lissafi a kan kowanne. Idan siffar mai tsawo da faɗi da zurfi ce, ka rage girman idon raga zuwa rabi, yawan idanun ya ninku sau 8. Idan kuma lissafin yana tafiya da lokaci ta hanyar taku kai tsaye, sharaɗin da Courant da Friedrichs da Lewy suka bayyana a 1928 zai tilasta maka rage tsawon takun shi ma zuwa rabi, aikin ya zama ninki 16. Danna maɓallin raga mai laushi sau ɗaya na iya fitar da kai daga gigabait 4 zuwa abin da ko 64 ba za ta ɗauka ba, musamman da yake hanyar warwarewa kai tsaye tana cika guraben sifili da lambobi yayin da take aiki. Injiniyan kirki yana farawa da raga mai gwaɓi, ya lausasa ta a inda abu ke sauyawa da sauri kaɗai, kamar kusurwa da bakin rami da gefen bango. Idan siffar ɓangarorinta sun yi daidai da juna, ya yanki rabi ko rubu'i. Idan zagayayya ce kamar bututu, ya mayar da ita lissafin shafi ɗaya. Idan RAM ya gaza, ya koma hanyar warwarewa ta maimaici wadda ba ta cin wuri sosai. Wannan ba dabarar mai ƙaramar na'ura ba ce kawai, haka ake aikin ko a babbar cibiya, kuma na lura wanda ya koyi sana'ar a ƙaramar na'ura yakan fi sanin abin da ragarsa ke yi. Ka kuma sani cewa ANSYS na ɗalibai yana da iyakar girman raga, lasisin manhajoji da dama kuma yana ƙayyade yawan ƙwayoyin furosesa da za ka yi aiki da su. Sau da yawa lasisin ne zai tsayar da kai kafin laftop ɗin ta gaji.

Ranar da aikin ya girma da gaske, wurinsa ba cinyarka ba ne. Haka masu bincike ke yi a ko'ina: a rubuta shirin a laftop, a gwada shi da ƙaramin samfuri, sannan a tura babban aikin ga kwamfutar sashe ko tarin kwamfutocin jami'a. Kayan aikin ba su da yawa. SSH ne ke shigar da kai can. Da tmux aikinka zai ci gaba ko intanet ta yanke. A manyan cibiyoyi za ka rubuta ɗan fayil ka miƙa wa Slurm, manhajar raba ayyuka, da umarnin sbatch, ya sa ka a layi. Jupyter da VS Code duk suna iya nuna maka aikin a fuskar laftop alhali lissafin a can nesa yake gudana, Git kuma ya riƙa daidaita kwafin nan da na can. Ka saba da ajiye matsayin lissafinka lokaci zuwa lokaci, yadda idan ya katse za ka ci gaba daga inda ya tsaya, kuma ka bar manyan fayiloli a can, ka sauko da sakamako da zane kawai. MATLAB Online da Google Colab suna taimakawa ta burauza, sai dai Colab na kyauta ba ya wuce awa 12 a zama ɗaya, yakan kuma sallame ka idan ka daɗe ba ka taɓa shi ba. Idan bayanan na wani kamfani ne ko na marasa lafiya, ka nemi izini kafin ka ɗora su a kwamfutar da ba ta jami'arka ba. Ka tambayi kuma irin lasisin da za a ba ka, domin wanda ke zaune a sabar jami'a ba ya buɗewa sai kana kan layinta ko ka shiga ta VPN.

A wannan tsari, abubuwan da za ka ji daɗinsu kullum su ne waɗanda siririyar laftop ta fi ƙwarewa a kai: batir mai kai yamma, madannai masu daɗin rubutu, fuska mai haske wadda ba ta gajiyar da ido. SSD kada ya gaza gigabait 512, domin MATLAB da duk ƙarin kayansa ya haura gigabait 20, ANSYS ma babba ne, fayilolin sakamako kuwa ba sa jin ƙoshi. Ka tabbata tana da inda za ka jona babban allo a gida.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka idan ka samu irin wadda kake so a hannun wani, ka roƙi minti 20. Umarnin bench na MATLAB gajere ne, yakan ƙare kafin na'urar ta yi zafi sosai. Gara ka ƙirƙiri matiriks biyu da rand(5000), ka sa su ninka juna a zagaye na tsawon minti 15, kowane zagaye ka buga lokacinsa da tic da toc. Ka kwatanta zagayen farko da na ƙarshe, a kan caja da kuma a kan batir, kana kallon Task Manager ko Activity Monitor. Lokacin zagayen ƙarshe shi ne ainihin gudun da za ka samu a dogon aiki.

Sannan ka je wurin malamin da zai duba bincikenka, ko ɗaliban da suka riga ka a sashen, ka tambaye su abu uku: wace manhaja ake amfani da ita, samfurinsu mafi girma gigabait nawa ya ci, kuma akwai kwamfutar da ɗalibai ke tura aiki? Idan akwai, sayi siririyarka mai 16 ko 32 hankali kwance. Idan babu, kuma bincikenka na manyan siffofi ne masu kwana suna gudana, ko horar da ƙirƙirarriyar basira, to a nan kana buƙatar ƙarfi naka na kanka. Ko a hakan, na fi son ka haɗa kwamfutar tebur mai RAM 64 wadda za ka iya ƙara mata gaba, ka bar ta a kunne kana shiga ta SSH daga ƙaramar laftop ɗinka. Idan dole na'ura ɗaya za ka mallaka, akwai masu inci 14 da fanka biyu da furosesa mai wat 45, waɗanda nauyinsu ke tsakanin kilo 1.5 da 2. Cikinsu ka nemi wadda RAM ɗinta ke cirewa, kuma ka tabbata sanda biyu aka saka.